Wasiƙar Akawun Dandin Mahe: Mai Awon Hasken Da Ba A Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan fili kamar yadda ka saba. A wasiƙata ta makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan tsadar taki. To, masu karatu su gafarce ni, wata magana ta taso a cikin gidanmu wadda ta hana ni barci, na kuwa lura ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ga yadda abin yake. Yayana yana da ɗiya, ba zan faɗi sunanta ba don kada ta ji kunya, ta gama makarantar sakandare da sakamako mai kyau ƙwarai, musamman a lissafi da fiziks. Ran nan bayan sallar lisha muna zaune a zaure da ni da Yaya, sai ta kawo mana fura, ta durƙusa, ta ƙi tashi. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Baffa, so nake ka roƙar mini Baba ya bar ni in tafi jami'a in karanta ilmin hasken nan da aka gasa wa Gwaggo ciwo da shi." Yaya ya ajiye ludayi ya dube ta, sa'an nan ya dube ni, ya ce, "Ka ji irin abin da karatunku yake jawowa. In likita ce za ta zama, na ji. In aikin jinya ne, na ji. Amma in sayar da sa in kai ta Sakkwato shekara da shekaru don ta koyo ɗaukan hoto? Bayan haka kuma kowa ya sani hasken nan yana kashe mahaifa. Wa zai aure ta?"

Ban amsa masa a daren nan ba, gama ba a yi wa babba gardama gaban ɗiyarsa. Amma na san abin da ya faɗa shi ne abin da iyaye da yawa suke faɗi daga nan har Bodinga da Yabo, saboda haka na ga ya kamata in ba da amsar a inda jama'a za su ji.

Bari in fara da labarin Gwaggo, don daga nan ne ni kaina idona ya buɗe. A cikin shekarar 2022 ƙanwar mahaifinmu ta kamu da ciwon daji a nono. Ta ɓoye shi wata da watanni, ba don komi ba sai don ba ta son namijin da ba muharraminta ba ya gan ta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti, aka yi mata aiki, aka ce kuma sai an bi wurin da gashi. Ni aka ɗora wa rakiya, tun da ni ne mai jin Turanci, yarinyar nan kuma ita ce mai yi mata wanki da dafuwa. Muka tare a wani babban asibiti har mako biyar.

Wata rana da safe muka iske an rufe ɗakin gashi, aka ce a dakata, mai awo bai gama ba. Mutane suka yi ta gunaguni, ni ma a ciki, don na ɗauka irin jan ran nan ne da mu ma'aikatan ofis aka san mu da shi. Da hantsi sai ga wani mutum ya fito, ba shi da abin sauraron ƙirji a wuya, hannunsa da littafi da alƙalami kamar ni. Na tare shi na ce, "Malam, kai ne likitan?" Ya yi murmushi ya ce shi ba likita ba ne, fiziks ya karanta. Ya ce likita shi ne mai faɗin yawan hasken da za a ba maras lafiya da inda za a ba shi, amma tabbatar da cewa abin da na'ura ta fitar daidai yake da abin da likita ya rubuta, wannan aikinsa ne. Ya leƙa da ni na ga wani akwatin roba cike da ruwa a ƙarƙashin na'urar. Ashe jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne, saboda haka a ruwa suke gwada hasken, su tsoma wani ɗan ma'auni a ciki su karanta, kafin su yarda a kwantar da mutum.

Da na koma masauki na yi ta bincike da tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Abin da na samu shi ne zan ɗan gutsura wa masu karatu.

Wani Bajamushe malamin fiziks mai suna Rontgen shi ya fara gano wannan haske, ran 8 ga Nuwamba, 1895, a garin Wurzburg. Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa tsoka kamar yadda rana take ratsa mayafi, ƙashi kuwa ya tare shi. Shi ya sa in an ajiye faifai a bayan mutum sai inuwar ƙasusuwansa ta fito. Kafin ƙarshen wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks. Ku lura da kyau, 'yan'uwa: mutumin da ya ba likitocin duniya duka idon ganin cikin jiki, shi kansa ba likita ba ne.

Hasken nan yana da ƙarfin da zai ɓata ƙwayoyin halittar jiki in ya yi yawa. Wannan shi ne hatsarinsa, shi ne kuma amfaninsa, domin ƙwayoyin ciwon daji sun fi na lafiya kasa gyara kansu bayan ya buge su. Ma'aunin da ake auna hasken gashi da shi ana kiransa gire. Gwaggo an rubuta mata gire 50, an raba shi zuwa 25, kowace rana gire 2, kwana biyar a mako. Don ku san nauyin wannan lissafi, gire 4 zuwa 5 kacal in suka bugi jikin mutum gaba ɗaya a lokaci guda, ba a kuwa yi masa magani ba, cikin mutum biyu ɗaya ba zai tashi ba. Watau abin da aka zuba wa Gwaggo ya kai ninki goma na abin da yake kisa, abin da ya mai da shi magani kawai shi ne an rarraba shi, an kuma saita shi a wuri guda. Masana sun ce kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin 100. In ya gaza, ciwo ya dawo. In ya zarce, nama mai lafiya ya ƙone.

Kada wani ya ce ina tsoratarwa ne da abin da bai taɓa faruwa ba. A shekarar 1996, a wani asibiti a ƙasar Kosta Rika can wajen Amurka, aka sa sabon ƙarfen kobal a na'urar gashi, aka zo auna ƙarfinsa. Agogon na'urar ya nuna minti 0.3, mai awo ya ɗauka daƙiƙa 30 ke nan. Kowane yaron aji biyar da ya san minti daƙiƙa 60 ne zai gaya maka 0.3 na minti daƙiƙa 18 ne. Saboda wannan tuntuɓe aka zaci ƙarfen bai kai ƙarfin da yake da shi ba, aka riƙa barin marasa lafiya a ƙarƙashinsa fiye da ƙima. Mutum 115 abin ya shafa, waɗansu suka mutu ta dalilinsa, waɗansu suka naƙasa har abada. Da na karanta wannan sai na tuna malaminmu na lissafi a makarantar mishan, wanda yakan yi mana bulala uku a kan ɗigo ɗaya da muka ajiye ba a wurinsa ba, muna ganin mugunta ce. Ni in na yi kuskuren ɗigo a littafin kuɗi, mai binciken asusu zai zo ya kama, a cire a albashina, shi ke nan. Kuskuren wancan kuwa ba a gane shi sai bayan fata ta fara salewa.

Shi ƙarfen kobal ɗin nan ma yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Ƙarfinsa raguwa yake yi kullum, wajen kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata, har bayan shekara 5 da wata 3 ya koma rabi. Gashin da ake yi a minti biyu yau, a lokacin sai an yi minti huɗu. (Mu masu albashi mun san irin wannan ciwo, sai dai namu bai jira shekara biyar ba.) Dole ne a sami wanda zai riƙa sake lissafin nan wata-wata. Sababbin na'urori na zamani ba su da kobal, da wutar lantarki suke haifar da haskensu, amma su ma sukan kauce daga saiti, su ma sai da mai awo.

To, yanzu in komo kan maganar Yaya cewa ɗaukan hoto ne kurum. Sana'o'i uku ne a nan waɗanda mutanenmu suke haɗawa su kira su duka "mai hoto". Akwai likitan da ya ƙware a karanta hoto ko a maganin daji, wannan sai ya gama karatun likita tukuna. Akwai ma'aikacin rediyogirafi, shi ne mai kwantar da maras lafiya, ya saita na'ura, ya ɗauki hoton ƙirji ko na ƙashi, ya sarrafa babbar na'urar nan ta siti mai yanka hoton jiki fala-fala, shi ne kuma yake danna na'urar gashi kowace safiya. Sa'an nan akwai mai awo irin wanda na gamu da shi.

Hanyar zama ma'aikacin rediyogirafi ita ce yaro ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, watau Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, ya zauna jarrabawar JAMB da Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, ya yi shekara biyar a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kana ya yi rajista da hukumar da doka ta kafa musu a 1987. Ba sai an je nesa ba, ana koyar da shi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ana kuma koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Daga garin nan mutum ya shiga mota da safe ya bi ta Bodinga, kafin rana ta yi zafi yana cikin birni. Hanyar mai awo kuwa ta fi tsawo: shekara huɗu a digirin fiziks, inda lissafi yake maye gurbin bayoloji a jarrabawar shiga, sa'an nan digiri na biyu a fiziks na asibiti, irin wanda ake yi a Ikko da Badun da Ife, sa'an nan horo a gefen na'ura ƙarƙashin wanda ya riga shi.

Ga ra'ayina, kowa kuma yana da ikon ya ƙi shi. Ɗan talaka wanda aka sayar da sa don karatunsa, gara ya fara da rediyogirafi. Dalili kuwa, ɗakin hoto yana nan a manyan asibitocin gwamnati da na kuɗi ko'ina, mai takardar rajista bai cika daɗewa a zaune ba. Ɗakunan gashi kuwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan duka. A wannan ɓangare namu akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, guraben mai awo kuwa ba su wuce yawan na'urorin da nisa ba. Wanda ya yi digirin fiziks kaɗai ya tsaya, babu asibitin da zai ba shi na'ura, galibi alli zai ɗauka. Ba na raina alli. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan ƙasar nan tamu, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, rashin malaman fiziks a makarantun ƙauye kuwa shi ne babban abin da yake tare 'ya'yanmu tun daga bakin ƙofa. Amma ya kamata a gaya wa yaro gaskiya tun farko, kada ya shiga da zaton farar riga ya fito ya ga allo, ya ce an cuce shi. Wanda kuma Allah ya ba kan lissafi da haƙurin shekara bakwai ko takwas, kada a hana shi doguwar hanyar, gama kowace sabuwar na'ura da gwamnati za ta sayo da miliyoyi, in babu mai awo ƙarfe ce kawai a ɗaki.

Saura maganar da ta fi damun Yaya, ta mahaifa. A nan zan daɗe kaɗan, don ita ce take hana 'yan mata.

Tsoron yana da asali, ba zan ɓoye ba. Mutanen farko da suka yi aiki da hasken nan ba su san sharrinsa ba, suna sa hannu a gabansa kullum, da yawa yatsunsu suka lalace. Wani mataimakin Edison a Amurka mai suna Dally sai da aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu a 1904. Ita kanta Madam Kuri ta Faransa, wadda ta gano sinadarin radiyom tare da mijinta a 1898, ciwon jini ne ya kashe ta a 1934, ana kuwa danganta shi da aikinta. Daga wahalar waɗannan ne aka koyi dokokin da ake bi yau.

Hasken da ma'aikaci yake sha ana auna shi da milisibat. Kowane ɗayanmu, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan wajen milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, haka Allah ya halicci duniya. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba. Doka ta ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara in an daidaita a kan shekara biyar, galibinsu kuwa ba su ko kusantar wannan. Abin da yake kashe ƙwan mace ya hana ta haihuwa har abada yana farawa ne daga wajen 2,500 a bugu ɗaya. Ku raba 2,500 da 20 ku gani, 125 ne. In kuma ma'aikaciya ta sami ciki ta faɗa, sai a gyara mata aiki yadda abin da zai kai ga ɗan tayi ba zai wuce milisibat 1 ba har ta haihu.

Yadda ake kiyaye wannan ba wani asiri ba ne. Ma'aikaci ba ya tsayawa a gaban na'ura, yana bayan bango mai darma ko kankare mai kauri, yana leƙe ta gilashi ko ta allon kallo. In tilas ta sa ya tsaya kusa, ya sa rigar darma. Nisa ma kariya ce: ka ninka nisanka sau biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kamar yadda mai jin ɗumi yake ja da baya in wuta ta yi masa yawa. Kowane ma'aikaci kuma yana maƙale da wani ɗan ma'auni a ƙirji, ana karɓa lokaci-lokaci a karanta abin da ya sha. Na'urar hoto kuwa kamar tocila take, in an kashe ta haske ya ƙare, ba ya maƙalewa a bango ko a tufafi, mai hoto ba ya kai shi gida. Hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu, wanda muke kira sikanin, shi ma ba da wannan haske ake yinsa ba sam, da amon sauti ne.

Inda tsoro ya kamata shi ne wurin da ba a bin doka: ɗakin hoton da aka buɗe a shago, bangonsa jan bulo ɗaya, mai shayi yana zaune a bayansa, yaron da yake danna na'urar kuwa bai taɓa shiga aji ba. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai kula da harkar nukiliya da haske, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, ita take ba da lasin. Amma hukuma tana Abuja da 'yan rassanta, shaguna kuwa suna ko'ina. 'Yan gwangwan ma su ji wannan: a 1987 a garin Goyaniya na ƙasar Birazil waɗansu mutum biyu suka kwance tsohuwar na'urar gashi daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai tsofaffin ƙarafa. Aka fasa aka ga wani gari mai ƙyalli shuɗi, aka yi ta rabawa 'yan'uwa don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida. Duk ƙarfen da kuka ga alamar fuka-fuki uku a jikinsa kamar farfelar fanka, kada ku sa masa guduma.

Washegari na sami Yaya shi kaɗai a gona yana duba gero, na zayyana masa wannan duka, har na yi masa lissafin 125 ɗin nan a ƙasa da tsinke. Ya yi shiru. Sa'an nan na ce, "Yaya, ka tuna abin da ya sa Gwaggo ta ɓoye ciwonta wata takwas?" Ya ce ya tuna. Na ce, "Ranar farko da aka shigar da ita ɗakin gashi aka ce ta buɗe ƙirji, ta riƙe mayafi ta ƙi saki, sai da aka nemo wata ma'aikaciya daga wani sashe ta tsaya kusa da ita. Da a ce mace ce mai na'urar, mai jin Hausa, wadda za ta ce mata 'Inna, kwanta, ba zafi,' da ba a yi wannan dambe ba. In kowa ya hana ɗiyarsa, ɗiyar wa za ta duba matanmu?" Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma likita ya gaya mini da ta zo da wuri da aikin bai kai haka ba.

Yaya bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Abin da ya ce shi ne, lissafina ya ji shi, amma ni akawu ne, ban taɓa tsayawa a ɗakin ba. Ya ce in kawo masa mace guda wadda ta yi shekaru tana wannan aiki, tana da aure, ta kuma haihu, ya ji daga bakinta. Na ga kuwa bai faɗi abin da ba daidai ba, gama gani ya kori ji.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ina roƙon masu karatu. In akwai wata baiwar Allah mai wannan aiki a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Gusau ko Kano ko Zariya, ko mijinta, ko mahaifinta, don Allah a rubuto wa Edita a gaya mana shekara nawa ta yi a aikin, 'ya'ya nawa gare ta, ana kuma karɓar ɗan ma'aunin ƙirjinta a kan kari ko ba a karɓa. Ba sai an sa suna ba. Ɗaliban da suke cikin karatun yanzu kuma su faɗa mana gaskiyar abin da shekara guda take ci, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, don mu san ko sa ɗaya zai isa ko sai an haɗa da tumaki. A taimaka a yi sauri, gama in an buɗe rajistar JAMB ba ta jiran kowa, yarinyar kuwa kullum da safe sai ta tambaye ni ko jarida ta iso.

Maganar taki sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Dandin Mahe, ƙasar Shagari.